Zuwa ga Edita: allon zamiya ba rigar sallah bane da za a sayo da girma

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali ya kuma fama da jama'a, Allah ya ƙara ma jaridar nan tamu albarka. Nasan kana ganin kan wasiƙar nan zakayi dariya kace toh shi kuma wannan bawan Allah me ya haɗa ɗan Gombe da dusar ƙanƙara, garin da in watan Afrilu ya kama ko fanka ma iskar zafi take hurowa mutum ya kwana tsakar gida yana juyi kan tabarma. Kayi haƙuri ranka ya daɗe ka karanta tukuna, maganar ta shafi kuɗin iyaye ne da kuma gwiwoyin yaranmu da muke turawa karatu ƙasashen sanyi.

Abinda ya tada ni shine satin da ya wuce ina zaune a shago bayan la'asar ɗan yayata ya kirani ta bidiyo, yaron yana karatu ne a Erzurum can gabashin Turkiyya, garin da ke gindin dutsen Palandöken inda akayi gasar wasannin hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Na ɗauka sai na ganshi cikin wani shagon gwanjo yana ta washe baki ya rungumo wasu alluna guda biyu na wasan zamiya, irin waɗanda Turawa ke ce ma ski, yace kawu kalli abinda na samu a araha. Nace masa tsayar dasu kusa da kai in gani. Malam Edita wallahi allon ya wuce kanshi da kusan taƙi guda, yaron da tsawonshi santimita 168 ne nauyinshi baifi kilo 58 ba, shine ya ɗauko mai tsawon 186 ga faɗi kamar murfin akwati. Na tambayeshi sau nawa ka taɓa hawa dutsen, yace sau uku. Nace toh ajiye, yace ai kawu irinshi na gani a bidiyo wani Bature yana keta dusar har ƙugu kuma mai shagon yace in na ƙware zan gode masa. Nace eh zaka gode masa daga kan gadon asibiti.

Ba da ka nake magana ba, ni ma an taɓa yimin irin wannan cinikin. Nayi karatu a Kayseri daga 2014 zuwa 2019, kuma duk wanda ya zauna garin yasan dutsen Erciyes, tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, tsayinshi mita 3,917, kana buɗe tagar ɗakinka zaka ganshi fari tas, kuma daga cikin gari zuwa wajen wasan tafiyar kamar kilomita 25 ce kawai. Su Turkawa kayak suke ce ma abun, mu kuma ɗaliban Arewa muka mayar dashi barkwanci, in mutum zai hau dutse sai muce wane ɗauko kayanka. Mutanen Kayseri kuwa a duk Turkiyya an sansu da iya ciniki kamar yadda muke tsokanar Kanawa, ga wani namansu busasshe mai yaji da suke kira pastırma da ke ɗebe mana kewar kilishi. Toh a hunturuna na biyu, bayan nayi haya kamar sau huɗu na fara jin kaina wani ne, sai na kwashi kuɗin da na tara na abinci na shiga wani shagon gwanjo na sayi allo mai tsawon santimita 184 mai faɗin ƙugu, wato tsakiyarshi, milimita 108, ni kuma tsawona 174. Dalilina kawai shine yafi sauran kyau a ido kuma naga manya dogo suke ɗauka. Ranar farko da safe hanyar tayi tauri kamar daɓen siminti, na taho zan sha kwana allon yace bai san zance ba, ya miƙe dani sambal, ina ta kiran sunayen Allah har na tsinci kaina cikin ragar da ake kafawa a gefe. Gwiwata ta dama har yau in sanyin Disamba ya shigo tana tuna min. Araha bata ado, na yarda.

Bari in riƙa ce mata dusa kawai don wasiƙar kar tayi tsawo, masu kiwo kar su ɗauka ta shanu nake nufi.

Abu na farko da yaranmu basu ganewa shine dusar ba iri ɗaya bace, kuma ba wai daga wata zuwa wata take canzawa ba, a yini ɗaya ma sai ta canza maka fuska sau uku. Da daddare akwai wata mota mai kama da katafila da ke bi tana daddanne hanyoyin tana barin layi-layi kamar an yi sharar tsakar gida da sabuwar tsintsiya, in ka fito da sassafe haka zaka sameta a daskare, da tauri, mai daɗin yanka. Zuwa azahar ɗaruruwan mutane sun bi ta kai sun kwashe ta saman sun tara ta tsibi-tsibi, tsakanin tsibin kuma ƙanƙara ce zalla mai santsi kamar gilashi. In kuma watan Maris ne rana ta buɗe toh da yamma zaka sameta ta jiƙe tayi nauyi kamar an dama fura da ƙanƙara, tana riƙe ƙafa. A Erciyes ga iska kuma, dutsen babu bishiyoyi a sama, sai ta share gefe guda tas ta kai ta jibge a ɗaya gefen. Sannan wurare da yawa yanzu inji ne ke fesa musu dusar in ta sama tayi jinkiri, ita kuma ta inji tafi ta Allah tauri da saurin zama ƙanƙara. Waccan mai laushi kamar garin alkama da ake gani a bidiyo mutum na nutsewa har ƙirji, sai an yi sabon zubi cikin dare, kuma kafin hantsi an tattake ta, ɗalibin da sai Asabar ko Lahadi yake samun hawa zai iya gama hunturu guda bai haɗu da ita sau biyu ba.

Duk wanda ya tuƙa mashin a Gombe ya riga ya fahimci maganar, ka taso kan kwalta lafiya lau, kana sauka layin unguwa yashi ya kama tayar gaba, gaba kaɗan kuma ruwa ya cinye hanya ya bar tsakuwa, kuma ba wanda ke tafiya da mashin uku yana canzawa. Haka ɗalibi ba mai kuɗin sayen alluna kala uku bane, guda ɗaya zai saya, toh ya sayi wanda zai kaishi ko'ina ko da ba shine sarki a ko'ina ɗin ba.

Nan ne maganar faɗi ta shigo. A jikin kowane allo zaka ga an rubuta lambobi uku a jere, misali 128-88-112, duk milimita ne, na farko faɗin hancin allon, na biyu faɗin ƙugunshi wato daidai ƙarƙashin takalminka, na uku faɗin jelar. Ta tsakiyar nan itace mai magana. Ka duba ƙafar raƙumi da ta akuya. Raƙumi tafinshi shimfiɗaɗɗe ne shi yasa yake tafiya kan yashi baya nutsewa, amma ka kaishi kan santsi ko ka hau dashi dutsen Tula kaga yadda zai rikice, akuya kuwa kofatonta siriri mai kaifi tana tsayawa a gefen dutse inda kai bazaka iya ba, amma bata da tafin da zai ɗauketa a saman abu mai laushi. Allo mai ƙugu siriri, daga wajen 65 zuwa 80, akuya ne, a kan hanya mai tauri yana cizo sosai kuma kana jingina ƙafa ya juya, amma da ya shiga dusa mai zurfi ko wadda aka tattaka sai hancinshi ya riƙa nutsewa yana fizgarka. Mai ƙugu 105 zuwa sama raƙumi ne, a sabuwar dusa yawo yake a sama kamar kwale-kwale, amma a kan ƙanƙara wahala ce, domin ƙarfen gefen da ke yanka yayi nisa da tsakiyar ƙafarka, kafin ka kwantar da allon kan kaifinshi sai kayi da gaske, kuma duk wannan murɗawar gwiwa ce ke biyan kuɗinta. Abinda ya sameni kenan.

Na tsakiya, daga 80 zuwa 100, sune ake yi don su zaga dutse gaba ɗaya, kuma a nawa ganin wanda yawancin hawanshi kan hanyoyin da aka gyara ne, wato kusan duk ɗalibanmu, ya tsaya tsakanin 82 da 90. In garin da kake ana yawan zubi sosai kuma ƙafarka ta zauna zaka iya matsawa zuwa 95 ko kusa da haka. Abokaina na gardama sukan ce ai 100 ne daidai don yafi kwanciyar hankali da yamma in hanya ta dagule, ban ce ƙarya suke ba, amma su manyan ƙarti ne masu kilo 90 da suka shekara goma suna abun. Siririn yaro ɗan Bolari da ya tashi da tuwon masara da miyar kuka ba sai ya kai can ba, nauyinshi ma bai isa ya nutsar da 88 ba balle ya nemi ƙari.

Toh sai tsawo, wanda shine asalin rigimata da ɗan yayata. Mu dai mun taso da al'adar in za a ɗinka ma yaro kayan sallah ace tela ya ƙara tsawo zai girma a ciki, takalmi ma a sayo da lamba ɗaya sama a cusa tsumma. Wannan lissafin baya aiki a nan ko kaɗan. Ka tsayar da allon a gabanka jelarshi a ƙasa, hancin ya tsaya wani waje tsakanin haɓarka da tsakar kanka, wannan shine filin gaba ɗaya. Sabon shiga haɓa zuwa baki. Wanda ya fara haɗa ƙafa yana shan kwana ba tare da ya buɗe su kamar garma ba, hanci zuwa gira. Ƙwararre mai gudu shine ke kaiwa tsakar ka ko ya ɗan wuce. Garmar nan da na ambata ba ni na ƙirƙira ba, tsayuwar farko da ake koya ma kowa kenan, ka haɗe hancin allunan ka buɗe jelar don ka rage gudu, Turkawa ma garmar dusa suke kiranta da yarensu, kuma ka gwada yinta da allon da ya fi ka tsawo kaga yadda hancin zasu hau kan juna ka kifa.

Dalilin kuwa a fili yake. Dogon allo yana da kaifi mai yawa a ƙasa, saboda haka in ana gudu sosai baya rawa, kuma yana ɗaukar nauyi a dusa mai laushi, amma juyashi sai da ƙarfi da gudu da iyawa, kamar dai tirela ce a cikin tsohuwar kasuwa. Gajere yana juyawa da ka tuna, yana yafe kuskure, sai dai in gudu yayi yawa zakaji yana karkarwa ƙarƙashinka. Sabon shiga kuma ba gudu yake ba, matsalarshi duk ta juyawa ce da tsayawa, toh me zaiyi da tirela. Sannan allo baya ganin tsawonka, nauyinka yake ji, mutum biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya kilo 60 ɗaya kilo 85, bai kamata su ɗauki abu ɗaya ba, marar nauyin ya sauko da kamar santimita 5, mai jikin ya ƙara. Manomi ma ai baya ɗaukar fartanyar da ƙotarta tafi ƙarfin hannunshi don kawai aga shi babba ne.

Girman kai ne ke sa yaran ɗaukar dogo, suna ganin gajere na yara ne da mata. Toh bari in gaya musu, a gasar duniya ta kwana-kwana da ake kira slalom, wadda ake bi tsakanin sanduna a matse, ƙa'idar hukumar wasan ta duniya FIS itace allon maza kar ya gaza santimita 165 na mata 155, kuma kusan iya nan ɗin suke hawa, ƙato mai tsawon 185 zaka ganshi kan allon da bai kai hancinshi ba kuma shine gwanin duniya. Su kuma masu gangarowa kai tsaye da ke wuce kilomita 130 a awa nasu na maza daga 218 yake farawa. Kaga kenan aiki ne ke zaɓar tsawo. In kuma wani dattijo a can yace maka ɗaga hannunka sama allon ya kai wuyan hannu, ka gaisheshi da ladabi ka wuce, gaskiyar zamaninshi ya faɗa, lokacin allunan a miƙe suke kamar sanda ana hawa mita biyu. Daga farkon shekarun 1990 ne kamfanoni irin su Elan na ƙasar Sulobeniya suka fito da masu tsukakken ƙugu da faffaɗan hanci, daga nan tsawo ya ragu gaba ɗaya.

Wannan tsukewar ƙugun itace ke sa allo shan kwana da kanshi. In ka kwantar dashi kan kaifi ka danna, sai ya lanƙwashe ya zana baka a kan dusar, kuma akwai wata lamba da ake rubutawa da harafin R a gabanta, tana nuna girman da'irar da zai zana a mita. Na 'yan slalom wajen 12 ko 13 ne, kwana a matse. Wanda ya haura 20 yana son fili da gudu. Na zaga-dutsen da nake magana ka nemi 14 zuwa 18, zai yarda da ƙaramar kwana in hanya ta cika da mutane kuma bazai ƙi babba ba in fili ya samu.

Akwai wani abu kuma da masu shago basu cika bayani ba. Ka kwantar da allon a ƙasa ka tsuguna ka kalleshi ta gefe. Na gargajiya zaka ga tsakiyarshi ya ɗaga yayi ɗan doro, hanci da jela ne kawai ke taɓa ƙasa, kana hawa nauyinka ya baje doron sai kaifin gaba ɗaya ya kama, shi yasa yake riƙo a kan ƙanƙara. Wani kuma zaka ga hancin ya fara ɗagawa tun daga nesa kamar gaban kwale-kwalen masunta a Dadin Kowa, wannan yana hawa kan tsibin dusa maimakon ya soke ciki, kuma juyashi da sauƙi. Na zaga-dutse na yanzu haɗawa suke, doro a ƙarƙashin ƙafa, ɗagawa a hanci, ɗan kaɗan a jela, kuma shi nake ba kowa shawara. Amma ga inda lissafin tsawo ke canzawa, tunda ɓangaren da ya ɗaga baya taɓa hanya mai tauri, allo mai 175 mai ɗagaggen hanci sosai zakaji shi a ƙafa kamar 168. Saboda haka in ɗagawar tana da yawa ka ƙara kamar santimita 5 kan abinda zaka ɗauka a da, in kuma doro ne zalla ka tsaya a ƙasa-ƙasa. Ni da na dawo hayyacina na sayar da raƙumina da asara na koma 170 mai ƙugu 88, dashi na ƙarasa hunturu uku, safe da yamma, ƙanƙara da jiƙaƙƙiya, sau biyu ma na samu sabon zubi har gwiwa kuma bai bani kunya ba.

Tauri ma a duba. Cikin allon katako ne, wasu kuma ana shimfiɗa musu falle ɗaya ko biyu na ƙarfe don kar suyi rawa a gudu, suna da nauyi suna da tsada kuma mai shago zai fi son ya tura maka su. Marar nauyi bazai iya lanƙwasasu ba, allon da bai lanƙwashe ba kuma baya shan kwana, jan ka kawai zaiyi. Ka riƙe hancin da hannu ɗaya ka danna tsakiyar da ɗayan, in kaji kamar kana danna ƙyauren ƙarfe toh ba naka bane tukuna. 'Yan matanmu da ke karatu can, don suma suna hawa yanzu kuma ba laifi tunda kayan sanyin rufe jiki suke ruf, wannan maganar tafi shafarsu.

In da za a bi tawa ma, takalmi ne farkon saye kafin allo. Shi ake aunawa da tsawon tafin ƙafa a santimita, in ƙafarka 26.5 ce toh lambarka kenan, kuma dole ya kama ƙafa cif, yatsu su ɗan taɓa gaba in kana tsaye, in ka durƙusa gwiwa gaba su ja baya, dunduniya kar ta ɗaga. Yaranmu sai su ɗauki babba wai don su saka safa uku saboda sanyi, toh safa ɗaya ake sawa, in ƙafa na yawo cikin takalmi duk umarnin da ka ba allon a hanya yake zubewa, ga ƙafar ma tafi yin sanyi in safa ta matse jini. Akwai lambar tauri a jikinshi shima, sabon shiga namiji 70 zuwa 90 ya isheshi, 120 da 130 na ƙwararru ne.

Sai ƙarfen da ke kama takalmin a jikin allo, ni tarko nake ce masa don haka yake ƙarasawa, ƙas. Aikinshi ba riƙewa kawai bane, aikinshi ya sakeka in ka faɗi kafin ƙafar ta murɗe. Yana da lamba da ake kira DIN, ana saitata ne da nauyinka da tsawonka da shekarunka da tsawon ƙasan takalminka da kuma iyawarka. In tayi ƙasa allon zai cire kana tsakiyar tafiya, in tayi sama bazai cire ba sai dai ƙashin ƙauri ko jijiyar gwiwa su cire. Wanda ka saya a gwanjo saitin mai shi na da ne a kai, wataƙila wani ƙato ne mai kilo 95. Don Allah kar yaro ya ɗauki sukundireba ya murɗa da kanshi a ɗaki yana kallon bidiyo, a kai ma masu gyara su saita su gwada, kuɗin bai kai na cin abinci sau biyu a waje ba. Kuma in ana tambayarka nauyi da iyawa ka faɗi gaskiya, ba wajen neman aure bane.

Gwanjon kanshi ban hana ba, ɗalibi ina yaga kuɗin sabo, kuma ƙarshen hunturu wajen Maris da Afrilu farashi na faɗuwa har shagunan haya ma suna sayar da nasu. Amma ka juya cikin allon ka duba ko akwai rami mai zurfi da ya kai ga abinda ke ciki, ka bi ƙarfen gefen da farce kaji ko ya tsage ko an goge shi har ya sirance, ka duba hanci da jela ko fallayen sun fara rabuwa, ka ƙirga ramukan da aka taɓa hudawa na tarko, in an huda sau uku ka barshi. Ka haɗa cikin biyun ka matse kaga ko doron nasu yana nan daidai da juna. Tarkon da ya tsufa sosai kuma robarshi na bushewa, wasu masu gyaran ma basa yarda su taɓa shi. Hular kwano kuwa ita kam a sayi sabuwa, da tabarau, don hasken rana kan dusa yana ƙona ido. Kuma wannan faffaɗan allon da ke ruɗar yara yana jan su fita daga hanyar da aka kafa ma alama, can ne dusa ke zaftarewa ta binne mutum, ba wajen ɗan koyo bane ko da wa ya gayyaceshi.

Ni dai shawarata ga iyaye, in yaro ya bugo yace a turo kuɗin allon zamiya, kar a ce masa wasan banza ne, motsa jiki ne mai kyau kuma yana raba su da zaman ɗaki da kaɗaici wata huɗu na sanyi, wanda duk ya zauna can yasan yadda duhun hunturu ke taɓa zuciya. Amma a tambayeshi sau nawa yayi haya. Hunturun farko gaba ɗaya haya ya kamata, yau ya karɓi 155 gobe 160 jibi 165, ya gwada siriri ya gwada matsakaici, ya rubuta a waya wanne yaji daɗinshi da safe wanne da yamma, in da hali ya biya malami ko na awa biyu ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu zuwa Dubai hutu su shiga wancan wajen zamiyar na cikin kanti da aka buɗe a 2005, ko na Masar, ko masu zuwa Maroko su hau Oukaïmeden kusa da Marrakesh, su ba ruwansu da saye sam, a basu na haya a ce haɓa, shikenan.

Kuma kar a ce abun ba namu bane. A 2018 'yan matan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun shiga gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu da keken zamiya, ga Simidele Adeagbo ita ma a nata ɓangaren, sannan a 2022 a Beijing Samuel Ikpefan ya ɗaga tutarmu a tseren alluna na dogon zango, duk da shi nashi allon wani iri ne daban, siriri sosai marar nauyi, ba irin na gangara da nake magana ba. Wani lokacin har nakan zauna ina tunanin tuddan yashin Yusufari a Yobe, tunda a Namibiya ana zamiya kan yashi, amma wannan zancen wata rana ne.

Ɗan yayan nawa dai mun kusa awa guda a waya, har kati na ya ƙare na sake sawa, yana ta cewa kawu kai dai tsoro ne ya kamaka tun faɗuwar nan taka, nace eh na yarda. Daga ƙarshe na kira uwarshi a Tumfure nace Yaya kar ki tura ko sisi sai ya turo min hoton allon tsaye kusa da fuskarshi. Shekaranjiya ya turo, 160 mai ƙugu 84, ya tsaya masa daidai hanci, na haya ne ma na kwana biyu, fuskar nan a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Jiya da daddare kuma ya turo murya yana haki wai ya sauko jar hanya, wato mai matsakaicin wahala, sau huɗu bai faɗi ba, yanzu kuma rigimar da muke ciki wai shi lallai takalmi mai lamba 120 yake so.

Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu kullum,
daga Jekadafari, Gombe